Na karanta Left Behind guda 12 daga farko har ƙarshe, ga yadda suka zauna mini

A ƙasa na same su, an baje su kan leda a gefen titi a Yaba, can wajen kasuwar Tejuosho inda masu tsofaffin littattafai ke zama, an cakuɗa su da littattafan jarabawa da na koyon girki da tsofaffin mujallu. Gwanjo ne zalla, irin kayan da ake zubo mana cikin kwantena daga waje, guda biyu ma akwai hatimin laburaren wata coci a Amurka a shafin farko, wani kuma an bi ayoyi da jan biro kaman mai shi yana shirin wa'azi ne. Mai kayan yace 2,000 kowanne, muka yi ta ja har muka tsaya a 1,200 tunda duka zan kwashe, guda 11 ne a wajensa, na 9 babu. Da na koma gida na duba sai na tarar na 5 an yage masa kusan shafi 20 a tsakiya, ranar Asabar na mayar masa, ko musu bai yi ba ya zaro wani daga cikin buhu ya canza min, wannan kam na yaba masa. Takardar ta yi rawaya tana warin ajiya amma ɗinkin yana nan daram, har yau babu wanda ya ɓalle duk da hannuwan da suka bi. Na 9 ɗin aro na yi wajen wani mawaƙin cocinmu.

Ga wanda bai san su ba, mutum biyu ne suka yi su, Tim LaHaye wanda fasto ne shi ya tsara koyarwar da jerin abubuwan da za su faru, Jerry Jenkins kuma shi ya zauna ya rubuta labarin. Na farko ya fito a 1995, na 12 a 2004, daga baya suka ƙara guda 4 suka zama 16 amma asalin labarin a cikin 12 ɗin nan yake. An sayar da sama da miliyan 60. An yi fim ɗinsa a 2000, aka sake wani a 2014 da Nicolas Cage. LaHaye ya rasu a 2016, ɗan Jenkins ɗin kuwa shine ya yi The Chosen da matasanmu ke kallo a waya yanzu.

Labarin akan fyaucewa ne, wato ɗauke masu bin Yesu daga duniya farat ɗaya. Jirgi ya taso daga Amurka zai je Landan, cikin dare wasu fasinjoji suka ɓace ɓat, sai kayan jikinsu a kan kujera, riga da wando da takalmi da tabarau, kaman yadda shirwa ke fyauce ɗan tsako ka juyo babu shi. Direban jirgin Rayford Steele ya koma gida ya tarar matarsa mai bi da ƙaramin ɗansa sun tafi, an bar shi da babbar 'yarsa. Daga nan sai shekara 7 na babban tsanani, da tashin Magabcin Kristi, har dawowar Yesu a littafi na ƙarshe.

Ni a Ketu nake zaune, aiki kuma a Marina, kullum BRT daga Mile 12 zuwa CMS, in Allah yasa na samu kujera toh karatu ya samu, gosulon Ikorodu Road ya ba ni lokacin da ban taɓa samu ba. Na farkon kwana 4 na yi na gama shi. Gaskiya ya kama ni. Mu da muka tashi a Malumfashi ana haska mana majigin ƙarshen duniya a filin coci muna zaune a kan tabarma, mu koma gida kowa ya maƙale jikin uwarsa, wannan tsoron yana nan kwance a ƙirjinmu, littafin nan kawai ya tashe shi. Akwai daren da na farka wajen ƙarfe 3 na ga matata bata kan gado, zaninta a ajiye, sai da ƙirjina ya buga da ƙarfi, ashe ruwan famfo ne ya zo ta fita tara. Na zauna bakin gado na daɗe ina addu'a, don tambayar da ta zo min ba ta wasa bace.

Wanda ya fi taɓa ni a duk labarin ba direban jirgin bane, mataimakin faston nan ne Bruce Barnes da aka bari. Mutum yana aikin coci shekara da shekaru, yana ziyarar marasa lafiya, ya san ayoyi, amma a ransa bai taɓa miƙa kai ba, ranar da abin ya faru babban fasto da kusan duk ikkilisiya suka tafi shi yana nan. Ni ina cikin kwamitin matasa tun ina saurayi, na san yadda mutum ke iya riƙe makirufo ranar Lahadi zuciyarsa tana wani waje. Wannan ɓangaren sau biyu na karanta shi. Sannan yadda suka zana Magabcin Kristi, Nicolae Carpathia ɗan Romaniya, sun yi ƙoƙari sosai. Bai zo da ƙaho ko jajayen ido ba, kyakkyawa ne mai sanyin baki, maganarsa kullum zaman lafiya da ajiye makamai, ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya ya jero sunan kowace ƙasa da ka babu takarda kowa ya tashi yana tafi. Ƙarshen littafin farko inda ya harbe mutum biyu a gaban jama'a sannan ya juya musu tunani har kowa ya rantse ba haka aka yi ba, sai da tsigar jikina ta tashi a cikin mota.

Amma daga na 5 zuwa sama abin ya fara ja kaman ƙosai a bakin mara haƙori. Waya, jirgi, kwamfuta, wannan ya kira wancan ya ba shi labarin abin da ka riga ka karanta shafi 30 baya, wancan ya hau jirgi daga Chicago zuwa Sabuwar Babila, hedkwatar Carpathia a Iraki, ya dawo. Kusan kowa a cikin masu bin nan ko direban jirgi ne ko gwanin kwamfuta ko mai kuɗi, duniya na ƙonewa amma su mai bai taɓa yanke musu ba. Inda ni ne da littafi 5 ko 6 sun isa. Afirka kuwa sai dai a ambace ta a wuce, wai duniya ce duka ke cikin tsanani amma ido yana kan Amurka da Isra'ila da Iraki da Petra ta Jodan, mu miliyoyin da ke cika coci a Legas da Jos da Kampala kaman babu mu.

Abin da ya fi damuna shine maganar yara. A labarin duk ƙananan yaran duniya sun ɓace, har na cikin ciki. Toh jama'a, a garinmu yaro ɗaya ya rasu kwana nawa ake zaman makoki, uwa shekara nawa take yi bata dawo daidai ba? Anan duk duniya babu jariri ko ɗaya, babu kukan yaro a ko'ina, amma bayan 'yan babi kaɗan mutane sun koma ofis ana maganar wa zai samu aikin jarida da wa ke son wa. Ni uba ne, 'ya'yana 3, wannan bai shiga kaina ba sam, kuma anan na gane marubutan jadawalin annabci ne a gabansu, mutanen cikin labarin sun zo daga baya.

Littattafan basu tsaya a hannuna ba, sun zaga, kuma abin da mutane suka ce ya fi littafin kansa tsaya min a rai.

Matata ta so su fiye da ni. Ita bata damu da jan labari ba, tana gama na farko ta ɗauki waya ta kira yayanta a Kaduna wanda ya shekara 6 bai taka coci ba, suka yi kusan awa ɗaya tana kuka. Tace min, Baban yara, ko da rabin abin nan ne gaskiya bana so a bar Yaya. Ban da abin cewa akan wannan, littafin da ya sa mutum ya tuna ɗan'uwansa ya yi aiki.

Ƙanina da ke zaune da mu shi ne abin ya ɗauka ta wata hanya har ya ba ni tsoro. Shi ya mayar da littafin jarida. Da ya kai na 8 inda ake sa wa mutane alama a goshi ko hannu tare da ɗan ƙaramin na'ura a ƙarƙashin fata, wanda ya ƙi a sare masa kai, sai ya fara lissafi, BVN a 2014, haɗa NIN da layin waya a ƙarshen 2020, allurar korona, eNaira a 2021, sannan canjin kuɗi na farkon 2023 lokacin da muka yi ta layi a bakin ATM tun asuba, masu POS na cajin abin da suka ga dama, mai tumatur a Mile 12 yana kallon kayansa na ruɓewa don babu tsabar kuɗi. Yace Yaya ka gani ko, babu saye babu sayarwa sai da lamba, Ru'ya ta Yohanna sura 13 kenan. Har ya ce ba zai je a ɗauki hoton yatsunsa ba a wajen aikin da ya samu da ƙyar. Na zaunar da shi muka buɗe surar tare, aya 16 zuwa 18, muka koma sama muka karanta daga farko. Alamar nan a haɗe take da yi wa dabbar da surar ta ambata sujada, ba abu bane da za a liƙa maka kana layin banki baka sani ba, magana ce ta wa kake bautawa. Na tuna masa an sha yin irin wannan, wani a Amurka ya buga littafi cewa a 1988 za a yi fyaucewa, wani mai gidan rediyo Harold Camping ya sa ranar 21 ga Mayu 2011 mutane suka sayar da kayansu, ga mu nan har yau, kuma Matiyu 24:36 ta riga ta ce babu wanda ya san ranar ko sa'ar. Ya je aikinsa, amma mun yi sati biyu muna wannan magana. Don haka ni dai bazan miƙa wa yaro ɗan shekara 17 ko 20 littafin nan in juya baya ba, sai in zan zauna da shi.

Akwai wani dattijo a cocinmu, Baba, haifaffen Wusasa ne, a Angalika ya tashi kafin aiki ya kawo shi Legas, irin mutanen da suka yi karatu da tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932. Ya karanta biyu ya dawo min da su a leda. Yace ɗana, labari ne mai daɗi amma kada ka ɗauka duk Kirista haka suka fahimci abin. Shi ya fara gaya min cewa wannan tsarin, a fyauce ikkilisiya a ɓoye tukuna, sai shekara 7, sai Yesu ya dawo a fili, wani mai wa'azi John Nelson Darby ne ya yaɗa shi wajen shekarun 1830, sannan Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909 ya kai shi ko'ina, mishan da yawa da suka zo ƙasar nan da shi suka zo. Katolika da Lutheran da yawancin Angalika basa koyar da shi haka, su dawowa ɗaya suka sani. Ayar da ake kafa hujja da ita, 1 Tasalonikawa 4:16 da 17, tana maganar za a ɗauke mu cikin gajimare mu taryi Ubangiji, amma ita ayar da kanta ta ambaci kira mai ƙarfi da muryar babban mala'ika da ƙaho, Baba yace ina ɓoye a nan? Shekara 7 ɗin kuma daga Daniyel 9:27 aka ɗauko aka haɗa. Ni an rene ni da wa'azin fyaucewa kuma ban bar shi ba, amma na ji kunya ace na kai shekara 40 ban san akwai masu bi na gaske da suka karanta ayoyin nan daban ba. Littafin ko sau ɗaya bai nuna maka haka ba, yana tafiya ne kaman duk wanda bai yarda da jadawalinsu ba bai karanta Littafi da kyau ba.

Maƙwabcina Alhaji mai albasa, mutumin Sakkwato, ya ga bangon littafin a hannuna muna shan iska a ƙofar gida da aka ɗauke wuta, ya tambaya na ba shi labari a taƙaice. Yace Malam ai wannan Dujal kake faɗa, ya kawo min nasu, mai ido ɗaya, an rubuta kafiri a goshinsa, ga saukowar Annabi Isa a Dimashƙa, ga Yajuju da Majuju. Mun kai sha biyun dare. Na gaya masa gaskiya cewa littafin bai yi wa wanda ba Kirista irin nasu ba sassauci, har Katolika ma basu tsira ba tunda wani babban limaminsu aka mayar shugaban addinin ƙarya na duniya, yace toh ai kowa da inda ya dogara, Allah yasa mu cika da kyau, nace amin.

Sai Mama. Mama 'yar Zumuntar Mata ce a sashen Hausa, daga Michika ta zo a 2014 lokacin da 'yan Boko Haram suka shiga garin, ta kwana a dutse, ta bi ta Yola, ɗanta da ke gadi a Ikeja ya ɗauko ta. Mijinta bai fito ba. Bata jin Turanci, ta ga littafin yana yawo hannun matasa tace in ba ta labarin, bayan sujada muka zauna a benci a bayan coci na yi ta fassara mata da baki har na kai inda aka kwashe masu bi kafin wahala ta fara. Ta dakatar da ni. Tace ɗana, wato su za a ɗauke su kafin wuta ta zo? Nace haka littafin ya ce Mama. Ta yi shiru tana gyara bakin zaninta, sannan tace, mu da aka ƙona mana coci muna kallo, aka yanka maza a gabanmu, maƙwabtanmu Musulmi ma da suka ƙi bin su aka kashe, 'yan matan Chibok 276 aka kwashe a shekarar, toh mu me ake kiran namu? Tace wanda ya rubuta wannan bai taɓa gudu da jika a baya ba.

Na kai maganar wajen fastonmu don ta hana ni barci. Ya yi min bayani da kyau, yace masu wannan koyarwa sun bambanta tsanantawar mutane, wadda Yesu da kansa ya ce za mu sha a duniya, da fushin Allah na ƙarshe, wai daga na biyun ne za a ɗauke ikkilisiya ba na farko ba. Na gane bambancin kuma adalci ne in faɗe shi anan. Amma littafin labari ba a kan bambancin tauhidi yake aiki ba, a kan zuciya yake aiki, kuma abin da yake zuba maka a zuciya shine wahala ta gaske tana gaba, ta waɗanda aka bari ce. Ga mutumin da ke zaune a unguwa mai lafiya a Amurka wannan zai zauna daidai. Ga wanda ya san Kaduna a 2000, Jos a 2001, Madalla ranar Kirsimetin 2011, Owo a 2022, ga Leah Sharibu da aka ɗauka a Dapchi tun 2018, sare kai saboda bangaskiya ba sai an jira littafi na 8 ba. Ru'ya ta Yohanna kanta ai ga ikkilisiyoyi 7 da ke shan wuya ƙarƙashin mulkin Roma aka aika ta, wanda ya rubuta yana tsare a tsibirin Batmusa, kalmar da ke ta dawowa a ciki ita ce jimiri da cin nasara. Wannan ne ban samu yadda nake so ba a cikin 12 ɗin nan, duk da akwai wuraren da masu bi suka tsaya a layin mutuwa suna waƙa, kuma waɗannan shafukan sune mafi kyau a rabin ƙarshe.

Abin da zan ce na amfana da shi babu ja, sun mayar da ni ga Littafi. Da can ina tsallake Ru'ya ta Yohanna saboda tsoro, yanzu na karanta surori 22 ɗin sau 3, da Hausa da Turanci, na haɗa da Daniyel da Matiyu 24, kuma Mama ta sa ni karanta mata sura 21 har sau biyu a bencin nan.

In za ka saya, na 1 zuwa na 3 sun cancanci kuɗinsu, na 8 ma haka, sauran in ka samu aro ya fi. Turancin mai sauƙi ne, wanda ya gama sakandare zai bi shi babu ƙamus. Na gwanjo sun fi araha nesa ba kusa ba, amma ka tsaya a gaban mai kayan ka bi shafukan da yatsa kafin ka biya, ka kuma duba lambar da ke jiki don akwai na yara masu suna iri ɗaya guda 40, ƙanana ne sirara, kada a haɗa maka da su. In kana ƙasa-ƙasa irin namu na Ketu ka sa su a leda ka ɗora saman kwaba saboda damina, nawa guda ɗaya ya sha ruwa a watan Yuli ya kumbura.

Yanzu haka na 1 da na 2 suna wajen wata malamar makarantar Lahadi, na 3 yana Agege, Baba kuma yace in kawo masa na 12 yana so ya ga yadda suka kwatanta dawowar. Na 9 har yanzu ina nema, duk Asabar ɗin da na bi ta Yaba sai na leƙa wajen mutumin.